Akushin da Ya Dawo Ba Sawun Yatsa

Tun da likita ya ɗebe mini yanar da ta rufe idona nake ganin abubuwan da rashin ganinsu ya fi mini kwanciyar rai. Na farkonsu shi ne gidan da jikana ya sauke ni a birni lokacin aikin idon, gidan da suke kira otal. Shi wannan jika nawa, ɗan ɗiyata ta fari, can yake aiki, har ma makaranta ya yi a kan abin, wai makarantar koyon karɓar baƙi. Da ya faɗa mini sai da na sa ya maimaita. Na ce, "Kai Ango, yanzu miƙa wa mutum moɗar ruwa ma sai an je makaranta?" Ya ce, "Amarya, ki shiga dai ki ga daula, ki bar yi wa mijinki tsiya a gaban ma'aikata." Na shiga. Wata yarinya ta tarbe ni a bayan wani dogon tebur da murmushi har kunne, tana ta sannu da zuwa Hajiya, sannu da zuwa Hajiya. Ni kuwa idona ɗaya yana ɗan aiki a lokacin, da na waiga sai na ga murmushin ya ɗauke ɗif kamar wutar lantarkinsu. Kafin a ba ni ko kurɓin ruwa an tambayi sunana, an tambayi garinmu, an tambayi ranar da zan tafi. Ranar da zan tafi! Ko takalmi ban tuɓe ba.

Suka sa ni a wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, ƙofarsa ita ke kulle kanta. A bayan bango akwai wani bawan Allah mai tari, wuni yake yana yi. Na tambayi Ango wane ne, mutumin ina ne, an kai masa ko jiƙo? Ya ce ba a tambaya, sirrin baƙo ne, haka aka koya musu. Abinci ya zo a tire da murfin ƙarfe. Na ce wa ta dafa? Ya ce wani ƙato ne a can ƙasa. Na ce to in farantin ya koma, wa ke duba shi? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Duba mi? A juye saura a bola, a wanke, shi ke nan." Da ya ga na ƙi sakin jiki sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Amarya, tsakaninki da Allah, yau in baƙo ya yi sallama a zauren Daudawa da magariba, kina sa a buɗe mishi? Mu aƙalla duk wanda ya zo shina da wurin aje haƙarƙarinshi."

Nan ya kama ni. Zauren namu yanzu buhunan taki ne a ciki da babur, ƙofarsa da sakata biyu, kuma ni ce mai tunatarwa a saka su. Tun da daji ya lalace, daga Sabuwa har Ƙanƙara, mutumin da ba a san fuskarsa ba in ya tsaya ya roƙi ruwan sha, kallon da ake masa ya ishe shi ƙoshi. Kowa na cewa a ransa gidaje yake ƙirgawa, awaki yake dubawa, wani ya aiko shi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma ƙishirwa ce kawai ke damun bawan Allah. Amma abin da ke ba ni haushi da ku 'ya'yan yanzu shi ne yadda kuke zaton mu mutanen da wawaye ne masu farin ciki, muna buɗe ƙofa ga kowa don ba mu san mugu ba. Mun san shi sarai. Mun fi ku zargi nesa ba kusa ba. Bambancin kawai, mu muna da hanyar bi da zargin namu, kuma hanyar ta madafi take bi.

Daga Mabai aka kawo ni Daudawa. Gidan gandu ne babba, Baba, wato mahaifin mijina, shi ke riƙe da kowa, Inna matarsa kuma ita ke riƙe da Baba, ko da yake ba mai faɗin haka a fili. Abin da kunnena ya fara sabawa da shi a gidan shi ne sallama. Da la'asar sakaliya, lokacin da turame ke amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan, tattabaru na komawa, hayaƙin kara na kwanciya a kan darni, sai ka ji an yi sallama a zaure da wata murya da ba ta gari ba. Wani lokaci da kukan jaki tare, ka san masu kanwa ne ko masu gishiri. Wani lokaci da ƙarar akwatin ƙarfe, ka san mai neman aikin tsinkar auduga ne. Malamai matafiya, masu tallan magani, mutumin da ya biyo sawun ɓatacciyar saniya, mai zuwa gaisuwar mutuwa da rana ta faɗi masa a hanya. Baba ba ya cewa kai wane ne. Ruwa tukuna, da buta, da tabarma. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci, ya kwana, ya huta, shi da kansa bakinsa ya buɗe. Kullum in na tuƙa tuwo sai Inna ta tsaya a kaina ta ga na ware malmalar baƙo, ko akwai shi ko babu. In ba wanda ya zo, da safe a yi ɗumame. Akushin baƙo daban yake, baƙi wuluk don tsufa da man shanu, da faifansa na rufi, ba mai ci a ciki ko da Baba ne.

Mu mata ba mu ganin baƙo. Tsakaninmu da zaure akwai shigifa, ɗan ɗakin nan na biyu da ake ratsawa kafin a shigo tsakar gida, kuma iyakarmu ke nan. Mijina, Malam, Allah ya jiƙan shi, shi ke ɗaukar akushi ya kai, shi ke dawo da shi ya ajiye a bakin shigifa. To a nan aikin Inna yake farawa. Ba a wanke akushin baƙo sai ta gani. Takan ɗauke faifan a hankali, ta karkata shi wajen haske, ta ƙura masa ido kamar mai duba ƙasa. Sai ta ce, "Wannan manomi ne, dubi yadda ya haƙa daga gefe ya yi rami." Ko ta ce, "Wanga malami ne, gabanshi kaɗai ya ci, ya gyara saura ya rufe." Ɗan kasuwa nama yake fara tsincewa. Wanda ke cikin baƙin ciki yakan tsattsaga tuwon nan da can, bai ci ba, bai bari ba, sai Inna ta sa a dama masa fura da nono mai yawa. Mai ciwon ciki yakan dawo da abinci yadda aka kai, da saƙon a yi haƙuri. Da farko na ɗauka camfin tsofaffi ne, har na riƙa dariya a bayan zane. Da na ga sau da yawa Malam na shigowa da labarin baƙo ya tarar Inna ta riga shi, sai na bar dariya na fara leƙe. Ta ce da ni, "Ke ɗiyar Mabai, baki shina ƙarya, riga tana ƙarya, har carbi ana aro. Amma mutum bai san ana duba inda yatsunshi suka bi ba." Kowane hannu yana barin sawu a jikin akushi, layi-layi a cikin miya, inda aka sharce. Da haka muka san wa ke kwana a ƙofarmu ba tare da mun ga ko inuwarsa ba.

Akwai kuma abin da kowa ya yarda da shi a lokacin, na kirki da na banza. Wanda ya sa hannu a akushin gida ya ci tuwon gidan da gishirinsa, ba ya iya cutar gidan nan. In ya kuskura, abincin da ke jikinsa shi zai tashi ya ci shi. Ko kun yarda ko ba ku yarda ba, wannan ruwanku. Ɓarayin zamaninmu sun yarda, kuma shi ne abin da ya dame mu. Na yanzu kam an ce sukan ci, su ƙoshi, su yi godiya, su dawo da 'yan uwansu.

A shekarar da nake ba ku labari, Baba ya haɗa audugar damina da yawa ya sayi bijimai biyu na huɗa da garmarsu, ɗaya fari tas, ɗaya mai roɗi-roɗi. Duk abin da gidan ya mallaka yana tsaye a kan ƙafafun nan takwas. Malam ne ke kama garma. Da su za a nome gandu a kan kari, da su za a yi wa maƙwabta huɗa a samu na cefane. In babu su, Baba ya riga ya faɗa, sai samarin gida su tafi cin rani kudu, Malam a kan gaba, ni kuwa ina da ƙaramin ciki. Turkensu yana waje, bayan zaure, a gindin wata tsamiya, darni kaɗai ya kewaye su. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, kowa na gyaran gona, an ɗaure bijiman ana ba su harawa da dusa da kanwa suna ta sheƙi.

Ran nan da yamma aka yi sallama. Murya ce mai laushi, irin ta wanda ya iya gaisuwa, yana jan ta yana ƙara wa Baba girma. Ba kukan jaki, ba ƙarar kaya. Na yi tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, Malam ya kai. Da safe Inna ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta tun da wuri, na iske akushi a bakin shigifa, na ce bari in gwada idona kafin ta dawo. Na ɗaga faifai. Ba ko loma a ciki, na ce madalla, baƙo ya ji daɗin hannuna. Har na kai shi bakin wanke-wanke sai wani abu ya tsaya mini a rai. Na karkata shi yadda Inna ke yi. Miyar kuɓewa ai ba ta ɓoye komai, tana riƙe sawu kamar laka. Babu layi ko ɗaya. Ba a sharce ba, ba a dangwala ba. Miyar duk ta gangara gefe guda, ta bi ta kan leɓen akushin ta bushe a bayansa. Ba cin tuwon nan aka yi ba, juye shi aka yi.

Na rufe, na tura shi ƙarƙashin rumbu, na zauna ina ta sarrafa abin a raina, dakan ma ya ƙi yi mini daɗi. Da Inna ta shigo sai na jawo akushin na ajiye a gabanta. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta tashi ta ɗauki sandarta ta fita ta ƙofar baya kamar mai neman kaza. Da ta dawo ta ce, "Kaji sun yi sallah a bayan zaure. An haƙa rami da ƙafa an rufe, su kuma sun tone." Na ce, "Inna, ko ba shi da lafiya ne? Ko tsoron sammu yake?" Ta ce, "Marar lafiya shina maido abinci da ban haƙuri. Mai tsoron sammu shina cewa mai gida ya zo su ci tare. Wanga so yake mu ɗauka ya ci, alhali bai ci ba. Mi zai sa mutum shi ƙi ɗaukar nauyin gishirinmu, in ba shina da niyyar da gishirin zai hana shi ba?" Sai ta nuna ni da yatsa. "Bakinki. Ko kaza kada ta ji."

Malam ya shigo shan koko. Inna ta tambaye shi a kaikaice, yaya baƙonku ya tashi? Ya ce lafiya lau, mutumin kirki ne, ga hira, ga sanin dabba. Tun da asuba ya zaga turke yana yaba bijiman, har ya shafa farin ya bar shi ya sansana hannunsa, ya tambayi wanne ya fi gardama in baƙon hannu ya kama igiya. Inna ta miƙa masa akushin ta nuna masa. Ban taɓa ganin fuskar Malam ta sauya haka ba. Ya dire kokon, ya nufi ɗaki ya fito da gorarsa. Inna ta tare ƙofa da jikinta, ƙaramar tsohuwa ce amma ta cika ta.

"Ina za ka?"

"In tambaye shi da harshen da zai gane."

"A kan tabarmar ubanka? Ka fasa kan mutum don bai ci tuwo ba? Gobe a ce gidan nan ana dukan baƙo, in kuma ya zam ba shi da laifi, ka kai kanka ina? Aje sandar nan, ɗan nema. Je ka kira mini ubanka."

Baba ya shigo, ni na koma bayan rumbu don ba na tsayawa gabansa. Ina jin su ƙasa-ƙasa. Baba ya ce a sallame shi da girma ya kama hanya. Inna ta ce in ya tafi yanzu ya tafi da abin da ya zo nema, ya san turke, bijimi ya san warinsa, kuma ba abin da ya ɗaure shi. Ta ce ba korar sa za a yi ba, ƙara masa girma za a yi, irin girman da ba zai iya zamewa ba. Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Allah shi kiyashe ni da zama baƙonki." Ya fita. Inna ta juyo ta kira ni, ta ce a kamo jan zakaran nan. Zakarana! Da shi aka kawo ni daga Mabai, gwaggona ce ta ba ni, shi kaɗai ne abin da nake cewa nawa a duk gidan. Na ce, "Inna, ɓarawo za a yanka wa zakarana?" Ta ce, "Baƙo za a yanka wa. Ɓarawo tukuna bai zama ba, shi muke hanawa." Ina figar gashinsa ina hawaye, kuma na rantse muku ban taɓa yin miya mai daɗin ta ranar ba, don da haushi na yi ta. Daddawa ta ji, man shanu ya ji, ƙamshi har bakin masallaci.

Bayan azahar Baba ya gayyato Liman da dattawan unguwa, wai a taya shi girmama baƙo. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka sa baƙon a tsakiya, bango a bayansa, tsofaffi dama da hagu. Aka juye komai a akushin baƙo, shi kaɗai, ba wani kwano, ranar kaɗai aka yarda 'yan gida su ci a cikinsa. Inna ta ɗauki mazarinta da audugarta ta zauna a shigifa tana kaɗi, ta ce in zo in riƙa gyara mata audugar. Tsakaninmu da su asabari ne kawai. Ba na ganin fuskoki, ƙafafu nake gani da gefen akushi, amma ba kalmar da ta wuce ni.

Buta ta zaga, kowa ya wanke hannu. Baba ya ce, "Bismillah, baƙo." Muryar nan mai laushi ta ce wallahi Baba a yi masa afuwa, tuwon jiya bai sake shi ba har yanzu, irin wannan hannu mai albarka ai sai a kwana biyu ana ƙoshe. Inna ta harare ni kada in yi tsaki. Baba ya ce, "To ai shi ke nan. Mu ma mun fasa. A zauren nan tun kakana ba a riga baƙo sa hannu." Baƙon ya ce don Allah su ci, shi zai taya su da hira. Baba ya ce hira ma abinci ce, a yi ta. Ƙafafun tsofaffi ba wadda ta motsa. Tururi yana tashi daga akushi yana raguwa. Ba abin da ake ji sai zuuu na mazarin Inna a kan taskira, in ya tsaya ta sake murza shi.

Liman ne ya fara gajiya, dama mutum ne mai son miya. Ya ce, "Bawan Allah, ka ji tausayin tsofaffi. Ni rabona da naman kaza tun sunan jikan Sarkin Noma, kuma ko a can wuya aka ba ni. Ga cinya tana kallona ina kallonta, kai kaɗai ne tsakaninmu." Aka yi dariya, baƙon ma ya yi, amma tasa ba ta da ƙarfi. Ya ce gaskiya cikinsa ne ke ɗan juyawa tun safe. Liman ya ce, "Loma guda ba ta kashe kowa. In ta kashe ka ni zan yi maka salla kyauta." Ya ce kuma yana tunanin ramuwar azumi yake son ɗauka. Liman ya ce, "Bayan azahar? Da kokon da aka ce ka saya ka sha a bakin masallaci da safe? Wane malami ya karantar da kai, in je in gaishe shi?" Wannan karon ba wanda ya yi dariya sosai. Na ga ƙafar baƙon, doguwa ce mai faso, babban yatsan yana ta tonon tabarma. Na ga ya muskuta kamar zai tashi, sai gwiwar wani dattijo ta matso ta dama, ta wani ta matso ta hagu, a hankali, kamar gyara zama. Baba ya ce, da murya mai sanyi kamar yana lallashin jika, "Ɗana, amaryar gidan nan zakaranta guda ɗaya, shi ta yanka maka. In ka ƙi ci, ka gaya mini abin da zan ce mata. Ka kuma gaya wa dattawan nan abin da gidana ya yi maka."

Mazarin Inna ya tsaya, ba ta sake murza shi ba. Ni kuwa na danne cikina da hannu biyu, ina ji kamar bijiman nan a cikin akushin suke. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai na ga hannu ya sauko, baƙi, siriri, da zoben azurfa. Ya tsaya a kan tuwon. Ya gutsura, ya dangwala, ya ɗaga. Na ji Liman ya ce, "Alhamdu lillahi, haɗiye, mu ga maƙogwaro ya motsa." Daga nan hannaye suka rufe akushin. Baba ya riƙa tura masa nama gabansa yana cewa ƙara, ƙara, shi kuma yana ci. Muryar nan mai zaƙi ban sake jin ta ba sai wajen godiya, ita ma a gajarce.

Da aka yi la'asar ya ce zai wuce. Ba wanda ya tambaye shi ina. Baba ya ce baƙo irinsa ba a barin sa ya fita shi kaɗai, ya sa babbar riga, Malam ya bi su a baya, da dattawa biyu. Rakiya a wurinmu gwargwadon nisanta gwargwadon girman da aka ba ka, kuma gwargwadon yadda aka tabbata ka tafi. Suka wuce bakin gari, suka wuce gonakin auduga, suka miƙa hanyar Faskari, duk wanda suka gamu da shi Baba sai ya tsaya ya ce, ga baƙona, ku gaisa, ku dube shi da kyau ko wata rana ya biyo ta wajenku ku ba shi ruwa. Kafin su rabu da shi rabin ƙasar nan ta san fuskarsa.

Akushi ya dawo mana. Inna ta karkata shi, ta nuna mini gefen da baƙon ya zauna. Ga layukan nan huɗu, gajeru, ba zurfi, amma suna nan. Ta ce, "Yanzu ki wanke."

Baba ya dawo gab da magariba yana fara'a, ya shigo har tsakar gida yana cewa an gama, ya ci gishirinmu a gaban Liman, ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai waiwayi gidan nan ba. Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Shi ya ci. Mutum ɗaya shina kora bijimai biyu? Waɗanda suka aiko shi ko ƙamshin miyar ba su ji ba." Fara'ar Baba ta koma ciki. Kafin a kira salla an fasa darni ta baya, an shigo da bijiman tsakar gida, an kafa musu turke a ƙofar ɗakina, don nan ne kaɗai ke da fili. Damina guda na yi ina kwashe kashin shanu kafin in hura wuta, ƙuda ya hana ni sakat, farin nan har zanena ya taɓa cinyewa a kan igiya. Ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Ba a daɗe ba aka yi ruwan shuka. Da gari ya waye Malam ya zaga bayan zaure, ya dawo ya kira Baba da Inna. A gindin tsamiya, inda tsohon turken yake, ga sawun ƙafafu a cikin laka, na mutum uku, sun zaga sun zaga sun koma ta inda suka fito. Malam ya duba da kyau ko akwai doguwar ƙafar nan mai faso, ya ce babu ita. A jikin darni kuma an yar da igiya sabuwa fil, ta rama, mai kauri, an riga an yi mata zarge biyu. Malam ya ce a ƙone ta. Inna ta karɓa, ta ja ta da hannu biyu ta ji ƙarfinta, ta kwance zargen da haƙori, ta miƙo mini.

"Ungo, ɗiyar Mabai. Ɗaura wa gugarki. Baƙi sun kawo miki tukuicin zakara."

Ranar Malam ya ɗaura wa bijiman garma ya fita da su ta ƙofar gaba, ni kuma na tafi rijiya.